Shugaban da Ya Kai Taro Cikin Taɓo

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, bakwai ga watan Maris, ina tsaye a bakin tukunyar sabulu, direbana ya shigo ya shaida mini cewa Allah Ya yi wa tsohon shugaban Cibiyar 'Yan Kasuwa da Masu Masana'antu rasuwa, bayan doguwar jinya. Shi ne wanda muke kira Baba Mu-je-mu-gani. Sai na nemi wuri na zauna.

Baba, wannan suna kai ka jawo wa kanka. Ba a taɓa kawo maka kuka ka ce a je a rubuto ba, sai dai ka jawo hula ka ce, "Mu je mu gani." Tun kana sayar da kayan gyaran mota a 'yar rumfarka har ka hau shugabancin cibiya, halin nan bai sake ba. An saya maka kujera mai juyawa a ofis, amma na rantse ƙura ta fi ka zama a kanta.

Wasu za su yi maganar bajekolin da ka farfaɗo da shi, da makarantar koyon walda da ka kafa wa matasa, da yadda ka sasanta dillalai da direbobi bayan an daɗe ba a ga maciji. Duk gaskiya ne. Ni dai abin da na gani da idona shi ne hanyar unguwar masana'antu.

A wata damina hanyar ta lalace, har masu tirela suka ce ko za a ba su me ba za su ƙara shiga ba. Sabulu ya cika mini sito har rufi, manja kuma ya daina isowa. Na sallami rabin matan da ke yi mini aiki, alhali yawancinsu su ke ciyar da gidajensu, sauran kuma kullum suna kallon bakina su ji wa za a kira. Na zo ofishinka raina a ɓace, kowa kuwa ya san bakina ba shi da linzami.

Na ce, "Baba, in cibiyar nan ta shan shayi da ɗaukar hoto ce, a faɗa mana mu daina wahalar da kanmu."

Ka yi dariya ka ce, "'Yata, kin gama? To ara mini akori-kurarki ranar Alhamis."

Ashe ka gayyaci daraktan ayyuka na gwamnati da manajojin banki taro, ka kuma ce a unguwar masana'antu za a yi shi. Tunda ƙaramar mota ba ta shiga, ka jera musu benci a bayan akori-kurata, ka hau ka zauna a tsakiyarsu. Ba mu yi nisa ba motar ta kafe a taɓo har gindi. Na ce a raina, shi ke nan, tsohon nan ya kashe mu, yau darakta zai yi fushin da ko jikokinmu ba za su ga kwalta ba.

Kai ka fara sauka. Ka cire takalmi, ka naɗe wando, ka kafa kafaɗa a bayan mota, da furfurarka da ciwon gwiwarka. Wa zai iya zama yana kallon sa'an mahaifinsa yana turi? Ɗaya bayan ɗaya suka sauko. Da motar ta fita, kowa ya yi kaca-kaca, ka ɗauki buta ka zuba wa darakta ruwa ya wanke ƙafa, sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, an buɗe taro. Abin da za mu faɗa ke nan, ba ƙari." Darakta ya dubi wandonsa, ya dube ka, sai ya fashe da dariya.

Damina na ɗaukewa motocin aiki suka iso. Ranar buɗe hanya ka miƙa wa darakta yabon gaba ɗaya, ka koma layin baya ka zauna da mu. Na ji haushi na yi maka ƙorafi, ka ce mini, "Ke hanya kike so ko tafi?" Kafin shekara ta zagayo na dawo da matan nan duka bakin aiki, har na ƙara wasu. Ina ƙaunarka saboda wannan, Baba, kuma na gode Allah da na faɗa maka tun kana ji.

Ranar da ka rasu akwai tirela a ƙofar masana'antata tana jiran lodi. Na rufe wurin, na kwashi matan muka tafi gidanka gaisuwa. Da Hajiya matarka ta ji an bar mota tana jira, sai ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ku koma ku yi lodinku. Kin fi kowa sanin wahalar da ya sha kafin motar nan ta iso ƙofarki." Muka koma. Muna ɗora kwalaye muna kuka har motar ta cika.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da 'ya'ya da jikoki, da dukan 'yan cibiya. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Baba, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Duk lomar da ta shiga bakin yaro ta dalilin aikin da ka ceto, Allah Ya sa ka tarar da ladanta a mizaninka, Ya kuma sa Aljanna ce makomarka. Amin.