Baba Sai-Ta-Yi-Zafi Ya Rufe Rumfa

Ni batirin mota nake sayarwa, kuma in ana neman mutumin da ya fi kowa ɓata mini ciniki a duniyar nan, to maƙwabcina ne, mai gyaran wutar mota da rumfarsa ke jingine da bangon shagona. A watan jiya ya rufe rumfar. Ba wanda ya tara masa jama'a, ba wanda ya tsaya ya ce masa sannu da aiki. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro, ni da ban saba rubuta komai ba sai rasit.

Kullum shi ke riga ni zuwa. Kafin in buɗe ƙofa ya share gaban rumfa, ya rataye wayoyinsa a ƙusa, ya warware tsumman da yake naɗe mitarsa ta auna wuta a ciki, ya ajiye wata doguwar sukundireba mai mariƙin katako a gefen tebur. Sai ya goge benci. Wallahi bencin nan ya fi kayan aikinsa samun goga. Daga nan ya zuba shayi ya zauna shi kaɗai yana kallon titi, yana jiran a turo mota, don galibin masu zuwa wurinsa da turi suke isowa.

Ga yadda yake cutata. Mutum zai shigo shagona yana gumi, ya ce batirinsa ya mutu, a ba shi sabo. Ina murna zan sunkuya in ɗauko, sai in ji gyaran murya daga bayan bango: a bari ya ɗan duba tukuna. Shi ke nan an gama da ni. Zai ɗora mita a kan batir mota na kashe, ya sa a tayar ya sake aunawa. In lamba ba ta hau zuwa wajen sha huɗu ba, sai ya ce batir ba shi da laifi, ba a ciyar da shi ne. Mai ciyarwar ita ce altaneta, na'urar nan da ke cika batir yayin da inji ke aiki. Amma ko ita ba ya saurin ɗora mata laifi. Sai ya danna bel ɗin da ke juya ta da babban yatsa ya ji ko ya saki, ya duba kan batir ko ya yi kore, ya bi wayar da ke kama jikin mota har inda ta ƙare. Sau da yawa ɗaure noti ɗaya ne gyaran, mutum ya tafi da tsohon batirinsa, ni kuma a bar ni da hamma.

Abu ɗaya ne yake fitar da shi daga hayyacinsa, wato gwajin nan na gefen titi da ake cire kan batir mota na aiki, wai in ta mutu altaneta ce. Na ga ranar da ya buge hannun wani bakanike mai gemu saboda haka, ya ce masa in yana son ƙona kayan wutar mutane ya je ya ƙona nasa. In ya gama da mita kuwa, sai ya ɗauki doguwar sukundirebar nan ya kafa bakinta a jikin altaneta, ya manna mariƙin a kunne, ya lumshe ido. Ta nan yake jin boris, ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kansu, in ya fara ci tun kafin kowa ya ji.

Sunan da direbobi suka laƙaba masa daga ɗabi'arsa ya fito. Duk gyaran da ya yi, komai ƙanƙantarsa, ba ya sallamar mota nan take. Zai kunna fitilun gaba, da fanka, da waifa, da rediyo, ya bar inji yana aiki, ya nuna wa mai mota benci. In ka ce kana sauri, amsarsa ɗaya ce: sai ta yi zafi. Ya ce akwai altanetar da ke nuna halin kirki tana sanyi, sai ta ɗau zafi a tsakiyar hanya ta daina caji. Wani mai motar burodi shaida ne. Ya yi ta sauya batir a wurare daban-daban, kowanne ya mutu a hannunsa, har ya fara zargin sammu. A kan bencin nan yana zaune yana tsaki aka ga lamba ta fara sauka da kanta. Baba ya kwance altanetar, ya sauya ɗan abin da ke daidaita wutar, tun daga ranar motar ba ta sake neman turi ba.

Mai burodin bai sake dawowa ba, kuma haka aikin Baba yake. Bakanike yana da mutanensa da ke zuwa duk mako, a yi faɗa a shirya, a ci abinci tare. Shi kuwa in ya gyara maka sai ka manta da hanyar rumfarsa shekara da shekaru. Matarsa ta rasu da jimawa. 'Yarsa tana aure a nesa, ɗansa ya tafi neman abinci wata ƙasa, sai waya jefi-jefi. Gida ɗaki ɗaya ne da rediyo. Na daɗe kafin in gane cewa zaman jiran zafin nan, duk da cewa aiki ne na gaskiya, shi ne kaɗai hirar da yake samu a yini. A nan yake tambayar mutum 'ya'yansa nawa, ina ya sayi motar, ya jikin tsohuwa. Da mota ta yi zafi kuma, ko hira ta yi daɗi, sai ya tashi ya auna ya sallami mutum. Bai taɓa ƙara wa kowa zama don jin daɗin kansa ba. Rumfar nan ita ce mutanensa, kuma ya san haka.

Baba, kai ne mai haƙurin bin waya har ƙarshenta. Kai ne wanda bai taɓa cewa a sayi sabuwa ba alhali tsohuwa na da sauran rai. Na yi maka tsiya iyakar iyawata, na ce kai ne za ka sa 'ya'yana su kwana da yunwa, kai kuma ka ce in koma sayar da ƙanƙara. Duk da haka in aka ce batir ya mutu da gaske, hannun mutum kake kamawa ka kawo shi wurina, ka ce wannan ba ya sayar da jabu.

Abin da ya rufe rumfar ya faru ne da wani magidanci mai tsohuwar mota, wanda yake kai yayarsa wankin ƙoda wani asibiti mai nisa. Ya zo da safe, ya ce jar fitilar batir tana ƙiftawa. Baba ya duba ya tarar da waya ce ta ci a bayan altaneta, ya yanke ya haɗa sabuwa, ya kafa sukundireba a kunne kamar kullum, ya zaunar da mutumin har mota ta yi zafi. Mita ta nuna lafiya. Ya sallame shi da addu'a ga marar lafiya.

Washegari da la'asar janwe ya jawo motar. Boris ɗin altaneta ya cije a hanya, bel ya tsinke, inji ya tafasa, suka tsaya a inda babu ko inuwa, ga mace kwance a kujerar baya ƙafafu a kumbure. Da ƙyar wani mai babbar mota ya tsaya ya ɗauki marar lafiyar. An samu an yi mata wankin, Allah ya kiyaye, amma ta sha wuya. Magidancin bai yi zagi ba, gara ma a ce ya yi. Ya tsaya a gaban Baba ya ce:

"Baba, na fa gaya maka jiya. Na ce ina jin wata ƙara siririya daga wajen inji. Kana sunkuye a kan inji na faɗa, na sake faɗa. Da ka yi shiru sai na ɗauka ka ji, ka san ba komai ba ne."

Baba ya kalli bakin mutumin, ba idonsa ba. A nan ne gabana ya faɗi, don na tuna ya jima yana kallon bakina in ina magana, kuma ya daina amsa tsiyar da nake jefo masa ta bayan bango. Ni na zaci tsufa ne ya sa ya daina kula ni.

Bai kare kansa ba. Ya ba da haƙuri, ya kwance altanetar, ya sa sabon boris da sabon bel, ya tayar da mota. Ya kafa sukundireba ya manna a kunnen dama, ya mayar kunnen hagu, ya daɗe a haka. Sai ya yafito ni ya miƙo mini mariƙin.

"Maƙwabci, me kake ji?"

Na ce ina jin tana juyawa sumul, ba gurzawa.

"To madalla," in ji shi. "Ni jiya da yau duk ɗaya na ji."

Na roƙe shi, Allah ya sani. Na ce mita tana nan, idonsa garau, hannunsa bai fara rawa ba, in sauraro ne ni zan riƙa yi masa, ai taku biyu ne tsakaninmu. Na ce masa in ya koma ɗakin nan wa zai yi magana da shi. Ya ce ya sani. Ya ce ranar da na tafi saro kaya fa, ko ranar da wani ya sake yin magana a bayansa? Ya ce mutane suna ɗora marasa lafiyarsu a kan kalmarsa ta "je ka, lafiya lau", kuma kalmar ta daina cika. Na ji haushinsa ranar, har na shige shago na bar shi. Yanzu na san abin da ya zaɓa ya fi abin da na roƙa wuya, don shi kaɗai zai ɗauki nauyinsa.

An kai shi asibiti, sun ce shekarun da ya yi kansa a cikin inji ne suka cinye jin, ba mai dawowa ba ne. Ya raba kayan aikinsa ga masu sana'ar, ya sa kwado, ya tafi da ƙafa kamar yadda ya saba.

Na gode maka, Baba, a madadin duk wanda ya isa gida da fitila a kunne bai san hannunka ne ba. Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu riƙe da sana'a, ta wuta ce ko wata, ku koyi bincike kafin ku yanke hukunci, ku koyi tsayawa in kun ga abin da mutane suka dogara da shi a wurinku ya fara gazawa.

Sauran maganata ga masu mota ce, waɗanda suka taɓa zama a rumfarsa. Yana nan da ransa, kuma duk mai shago a layinmu zai kwatanta muku gidan. In kun je kada ku tsaya a ƙofa kuna sallama, ba zai ji ba. Ku tura ku shiga, ku tsaya inda zai ga fuskarku. Ranar da na je ƙarshe na same shi zaune a bakin gado, ya bar ƙofa a buɗe, ya juya yana fuskantarta. Bayan mun gaisa ya tambaye ni ko mutane suna nemansa a shago. Kafin in haɗa amsa ya ce wataƙila ma suna zuwa nan, suna sallama ba ya ji, suna komawa. Ya ce in na gan su in ba su haƙuri, ba wulaƙanci ba ne.

Na tambayi matar da ke ɗakin kusa da nasa, wadda take yini a tsakar gida. Ta ce tun da ya dawo ba wanda ya zo sai ni.