Notin da Ya Riƙe Nauyin Yayana

A da, idan noti ya cije a jikin babur, kanikawan Sabon Gari lallashinsa suke yi. A ɗiga masa mai, a ƙyale shi ya kwana, a dawo a ɗan ƙwanƙwasa shi, a sake ƙyale shi. Yanzu babu mai wannan haƙurin. Da an taɓa an ji ya ƙi, sai a ce ka shiga kasuwa ka sayo sabon shokabzoba sukutum, tsohon kuma a wurga wa 'yan gwangwan. Ban ce na yanzu ba su iya aiki ba. Amma na ga wancan tsohon aikin a hannun mutum ɗaya, kuma ni ne na ɓata masa shi.

Na daɗe ba na gida. Na yi fataucin fata tsakanin Njamena da Omdurman, na zauna a Kumasi, na ɗan taɓa Kwatano. Ina can yayana ya rasu a gidanmu na Fagge, kafin in iso an kwana uku da kai shi. Da aka raba gado, babban babur ɗinsa baƙi, ɗan Kwatano, ya faɗo a rabona. Yana kafe a zaure, an rufa masa tsohon bargo. Na fi shekara ban taɓa shi ba.

Bayan matarsa ta fita takaba, na lura kullum da la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar zaure ta ciki, ta zauna ba ta yin komai. Na ɗauka iska take sha. Wata rana na zo wucewa ta ɗaga mini hannu.

"Mai yawo, tsaya. Ƙafarka ba ta gajiya ne? Tsaya ka ji."

Na tsaya. Unguwa shiru, sai wata mai daka can nesa. Sai na ji babur ɗin ya yi wata 'yar ƙara, doguwa, kamar tsohon gado idan an zauna masa. Na ga bargon ya motsa, gaban babur ɗin ya ɗan nutse ƙasa. Ba kowa a zauren sai mu biyu.

Ta ce, "Haka yake yi idan yayanka ya hau zai koma kasuwa. Kullum war haka." Ta faɗa kamar mai ba da labarin farashin tumatir. Can an jima gaban ya taso a hankali, ya koma yadda yake. Ta naɗe tabarmarta ta shige ciki.

Da gwiwoyina suka fara ƙin tafiyar ƙasa, na sa aka tayar da injin na hau. Injin lafiya lau, amma gaban kamar na hau turmi. Duk ramin da na faɗa sai na ji shi a haƙorana. A wajen tashar jirgin ƙasa, inda ake tsallake dogo, saura kaɗan ya kayar da ni gaban wata a-daidaita-sahu. A saman kowace ƙafar gaba, kusa da inda hannu ke kamawa, akwai ɗan noti wanda ake juyawa a matse sifirin da ke ciki ko a sassauta shi, daidai da nauyin mai hawa. Na sa sifana, na ji duka biyun sun zama ɗaya da ƙarfen.

Na gaya wa matar yayana zan kai shi gyara. Ta dube ni ta ce:

"Naka ne, ba zan hana ka ba. Amma in za a taɓa, a san yadda ya bar shi, don a iya mayarwa. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata.

Bakaniken yayana wani dattijo ne Ibo, haifaffen Sabon Gari, wanda mahaifinsa ya yi aikin jirgin ƙasa. Hausarsa ta fi tawa zama Kananci, don tawa ta sha ruwan garuruwa. Garejinsa rumfar kwano ce a gindin darbejiya, jikin katangar wani coci. Ya gane babur ɗin kafin ya gane ni. Ya dafa tankin ya ce, "Allah ya jiƙan mai shi," sannan ya ɗago ya gaishe ni.

Na faɗa masa abin da nake so, da alkawarin da na yi. Ya duba notin ya ce irin wannan ba ya fitowa waje, ba shi da zane, ido ba ya karanta shi. Yayana ne ya saita da hannunsa tun da daɗewa, shi kuma bai ƙirga ba.

"Amma akwai hanya, Alhaji. In ya saki, ba baya za mu fara yi ba. Gaba za mu yi, mu ɗaure a hankali har ya tsaya, muna ƙirga duk 'yar ƙarar ƙas ɗin da ya yi. Wannan ƙirgar ita ce ma'aunin yayanka. In rubuta ta da ƙusa a cikin murfin gefe, sannan in saita maka naka. Duk ranar da Hajiya ta so, a mayar."

Ya haɗa kananzir da man birki a gwangwanin madara, ya ɗauko tsinken tsintsiya ya ɗiga wa kowane noti ɗigo uku. Ya ƙwanƙwasa da bayan ƙaramin sifana, ba da ƙarfi ba, kamar mai sallama a gidan surukai. Ya ce in dawo gobe.

Na ce, "Oga, a Njamena wuta suke hura masa, minti biyar an gama. A Kumasi guduma ɗaya ce."

"To ka kai shi Njamena mana, ai ka san hanya." Ya goge hannunsa. "Wuta za ta ƙone robar ciki. Guduma za ta karya kan notin, kuma ko ka zaga kasuwar nan sau bakwai ba za ka samu irinsa ba. Alminiyam ne da tagulla suka ci juna. Ba a raba su da faɗa."

Washegari na dawo da la'asar. Ya tsoma tsumma a ruwan zafi ya naɗe kan ƙafafun, ya sake ɗiga mai. Muna zaune muna hirar yadda Larabawan Omdurman ke gyaran tsoffin motoci, sai babur ɗin ya yi ƙarar nan, gaban ya nutse. Dattijon bai waiwaya ba. Ya dai ɗaga kujerarsa ya matsa gefe, yadda ake matsa wa mai babur idan zai fita.

Na ce, "Ka ji?"

"Zafi ne. Man ciki yana sakewa da rana."

"To me ya sa ka matsa?"

"Ni ma zafin nake ji." Ya miƙo mini ruwa. "Ka dawo Litinin. Gobe ina coci, shi ma ya huta."

Ban iya jira ba. Ranar Lahadi bayan azahar na ce bari in leƙa kawai. Wanda bai san Sabon Gari ran Lahadi ba ba zai gane ta ba: shaguna a kulle, layin kanikawa ba ƙarar ƙarfe ko ɗaya, sai waƙa da ganguna daga bayan katanga. Babur ɗin na ɗaure da sarƙa a cikin rumfa. Jakar kayan aikin yayana na ƙarƙashin kujerarsa, makullin kuma na aljihuna.

Na ce zan gwada ne in ji ko ya fara laushi. Na ɗora sifana a na dama, na ɗan taɓa. Bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya juya kamar jiya aka sa shi. Daɗi ya kama ni, na ci gaba da sassautawa, na koma na hagu, shi ma ya bi. Ina jin ƙas, ƙas a tafin hannuna, gangunan coci sun danne ƙarar, ni kuma ina ta murmushi ni kaɗai ina tunanin abin da zan faɗa wa dattijon gobe.

Sai gaban babur ɗin ya taso. A hankali, ba ƙara, yadda yake yi in mutum mai jiki ya sauka. A nan ne na tuna ban ƙirga ba, kuma baya na yi.

Ina tsaye da sifana a hannu aka tashi daga coci. Dattijon ya zagayo cikin fararen kaya, littafinsa a hammata. Ya dube ni, ya dubi hannuna.

"Nawa ka juya?"

"Ban sani ba."

"Duka biyun?"

Na gyaɗa kai. Ya zauna a kan wani tsohon taya, bai damu da fararen kayansa ba. Na gaya masa yadda gaban ya taso.

Ya ce, "In ka sassauta, ƙasa yake yi, Alhaji. Ba sama ba."

Na ce ko za mu samo mutum mai girman yayana ya hau mu gwada. Ya tambaye ni nauyinsa. Yayan da na sani siriri ne mai dogon wuya, wanda ya raka ni tasha da jakata a kansa. Wanda dattijon ya sani kuwa, sai ya yi numfashi biyu kafin ya ɗaga ƙafa ya hau.

"Ko ka samo mai girmansa, wa ya san yadda yake son gabansa, da tauri ko da laushi? Zan saita maka naka. Nasa ya tafi. Kuma kada ka ce mata na rubuta."

Ranar Litinin na hau na dawo Fagge. Na tsallake dogo ban ji komai ba. Na kafe shi a zaure inda yake, na rufa masa bargon, ban ce wa kowa komai ba. Da la'asar ta shimfiɗa tabarma ta zauna har aka kira magariba. Washegari ma haka. Ina ɗakina ina saurare, babur ɗin bai ƙara yin ƙarar nan ba. A rana ta huɗu ta aiko a kira ni.

"Kai ka taɓa, ko bakaniken?"

"Ni ne, Yaya."

"Na sani. Tsohon nan ba zai yi ba." Ta shafa gefen tabarmar. "Yana yi maka daɗin hawa?"

Na ce yana yi.

"To madalla. Allah ya tsare hanya."

Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. A ƙarshen wannan makon ta haɗa kayanta, surukinta ya zo da mota ya kai ta gidan 'yarta a Kwaciri. Muna gaisawa da salla da biki. Ba ta ƙara kwana a gidan Fagge ba.