Rumbun da Ba a Buɗewa

A Dogo-Dogo, kakarmu Iya Hassu a bakin murhu take yi mana tatsuniya, bayan an kwashe tuwo, kafin garwashi ya mutu. Tana ɓarar gyaɗa, muna sata, tana bugun hannunmu ba tare da ta duba ba. Ni take kira mai gida.

"Mai gida, rufe baki kar ƙuda ya shiga. Ku matso, ga ta nan tafe."

Wadda ta fi maimaitawa ta wani manomi ce mai rumbun gero na shekara uku. A garinsu, wanda ya kai haka ba a tsallake maganarsa. Wata rana ya ga gari yana zuba ta gindin rumbun, ya ji wari. Bai hau ya leƙa ba. Ya kwaɓa laka ya liƙe wurin, ya sake jinka. Kowace shekara haka. Da yunwa ta zo, ya tara iyalinsa aka ɗaga jinka. Sai baƙin gari, da tsutsa, da mushen ɓera.

"Tir!" Sai ta tofar da yawu cikin toka. "Hancinsa ya gaya masa gaskiya, ya ƙaryata hancin."

Mu dariya muke yi wa wawa.

Bara, bayan girbi, kututturen gero ya soki Baba a ƙafa. Yana da ciwon suga. Ni nake wanke masa raunin. Na ga yatsa ya yi baƙi, na ji warin da ke hana ni cin tuwo.

Ƙanwata Zuwaira ta ce, "Yaya, mu kai shi wurin likita a Magariya."

Baba yana tsoron yanka. Ya dube ni. "Ba ka ga ya fara bushewa ba?"

"Ya fara, Baba."

Kafin masu dubiya su shigo, sai in sa turaren wuta, in ja masa bargo. "Ya mai jiki?" "Da sauƙi." Kowa haka yake amsawa, amma ni na yi ta faɗa har na yarda.

Ranar da muka kai shi, ma'aikacin asibitin ya kwance ƙyallen da ke ƙafar, ya kau da kai. "Tun yaushe?"

Na ce kwana uku. An fi wata. Kwana biyu Baba ya ƙara a duniya.

Na san ajali ba ya jinkiri. Amma yanzu na gane manomin nan ba wawa ba ne. Ya sani sarai, kamar yadda na sani. Wajen gaisuwa mutane suna cewa, "Ka yi jinya, Allah ya saka maka." Ina cewa amin.

 Tun daga nan Zuwaira takan kawo mini abinci, ta ajiye, ta fita.