Assibi Mai Tsaron Juma'a

A layinmu na Zongo, Assibi mai waina ce kaɗai ba ta salla. Kirista ce. Ta zo Kwatano daga wani ƙauye a bayan Zariya da miji ɗaya da tandar ƙasa ɗaya, gadon uwarta. Mijin ya rasu, tandar ta zauna. Na ce mata ta yi sa'a, mai amfanin ne ya rage.

Layin yana da tsarinsa tun da daɗewa. Ran Juma'a da ladan ya kira, mazan nan kowa sai ya bar rumfarsa a buɗe, ya ce, "Yaya Assibi, ga amana." Ran Lahadi kuma in ta hau babur zuwa cocinsu a Godomey, Souley mai atamfa ke tsare mata teburi. Allura ba ta taɓa ɓata ba.

Sai aka zo da jan fenti. Wasu ma'aikata suka bi rumfunan bakin titi suna shafa wa kowace alama, ba sallama, ba bayani. Mun san ma'anarta, mun ga yadda aka share wasu unguwanni. Ranar ce kawai ba a faɗa ba. Muktar mai rediyo ya daina cin abinci. Souley ya rame har wandonsa na neman guduwa ya bar shi. Duk babbar motar da ta yi gurnani a kwana, sai layin ya yi tsit.

Assibi kuwa tana ta juya wainarta.

Na ce, "Ke ba ki da hankali ne, ko zuciya ce babu?"

Ta ce, "Iya, tsoro nake ji har cikin hanjina. Amma ba mai fenti ke riƙe da gobe ba. Wanda ya kawo ni garin nan bai sauka daga kujerarsa ba."

"To ki ce masa ya leƙo Zongo."

"Yana gani."

Katafila ta zo ran Juma'a, liman na tsakiyar huɗuba. Layin ba namiji ko ɗaya. Daga bakin zaurenmu nake kallo, da gwiwoyin nan nawa da suka yi ritaya kafin ni. Katafilar ta fara daga can ƙarshe, kwano na kuka, katako na karyewa. Rumfar Assibi ce ta kusa da gida, taku kaɗan ta tsira da tandarta. Sai na ga Assibi ta wuce rumfarta da gudu, ta rungumo atamfofin Souley ta zube a zaure. Ta koma ta kwaso rediyoyin Muktar. Ta koma. Ina ta kiran, "Tandarki, ke, tandarki," ko waiwayowa ba ta yi ba.

Da ta juyo domin nata, ƙarfen ya riga ya sauka.

Mazan suka dawo da dardumarsu a kafaɗa, suka tarar da fili. Kayansu na zaure, cif. Assibi na tsugune tana tsintar gutsattsarin ƙasa baƙi tana zubawa a gefen zani.

Bakina ba ya iya zama. Na ce, "Ina Yesun naki yau?"

Hawaye na zuba ta ce, "Inda yake jiya, Iya. Ban gane abin da yake yi ba. Amma shi ke yi, ba su ba."

Souley ya sayo mata tandar ƙarfe. Wainar ba ta kai ta da ba, kuma na faɗa mata.

Shekaranjiya masu fenti sun dawo. Wannan karon bangon gidanmu suka shafa wa, dab da tagar ɗakin Assibi, don gida ɗaya muke. Gobe Juma'a. Ɗazu Muktar ya leƙo, ya kasa haɗa ido da ita, ya tambaya ko za ta iya tsare musu kayan gobe.

Ta ce, "Ku je ku yi sallarku."

Ga ta can tana jiƙa shinkafar gobe.