Wayar da Ta Ce wa Malam Lafiyarsa Lau

Ni tsohuwa ce daga Argungu. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, don haka 'yata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye. 'Yan shekarun baya ni matar aure ce mai rufin asiri, ina suyar kifi a ƙofar gida. Maigidana yana noman albasa a fadama, da yamma kuma ya karantar da magidanta a zaure. Malam ya san Larabci ƙwarai, sai dai yana da hawan jini. Duk wata ni ke tasa shi gaba mu tafi Birnin Kebbi a auna shi a ba shi ƙwayoyi, mu kwana wurin 'yata a Badariya.

Wani abokinsa da ya dawo daga Umara ne ya sa masa wata manhaja a waya, duk rubutunta da Larabci. Wai ka danna babban yatsa a kan gilashin, sai ta faɗi awon jininka. Malam ya yi murna. Ya ce da ma Turancin asibiti ya ishe shi, a yi ta rubutu a kan jikinsa bai san me aka ce ba, yau ga likita mai harshen da yake ji. Kullum bayan asuba sai ya danna, ya ce mini ta ce lafiya lau. Ni kuwa tun ina yarinya, in na ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ɗauka nake in kaɗe ta in soke a katanga. Wayar ma ban taɓa barinta kan tabarma ba. Da wane baki zan ƙaryata wannan rubutu?

Ƙwayoyi suka ƙare. Na yi masa maganar tafiya, ya ce dashen albasa ya kama, kuma me za mu je nema tunda awo ya zo har ɗaka. Da ya fara kukan ciwon ƙeya na sake magana, ya yi dariya ya ce ashe mai kifi ta zama likita, ya nuna mini rubutun. Ba a jima ba aka ɗauko shi daga fadama, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta ce wannan jini ya daɗe da hawa. Bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba 'yata ta buɗe wayar. Ta danna yatsanta, ta karanto lafiya lau. Ta danna nawa, lafiya lau. Sai ta yanko albasar gonar Malam ta ɗora. Albasar ma lafiyarta lau.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma wanda ya zauna ya ƙera wannan ƙarya, ya yafa mata harshen da muke girmamawa, ban san garinsu ba, ban kuma yafe masa ba. Mu haɗu gaban Allah. Ku mata masu mazan da ke shan magani, Larabcin waya ba aya ba ne, mutum ne ya rubuta, kuma Larabawa ma suna da mayaudara. Ku kai su a ɗaura musu abin awo a hannu, ko da za su kwana suna fushi da ku. Da ma a ce yau Malam yana zaure yana fushi da ni.