Shekarar da Na Fanshi Kaina

Shekarun baya can, tun gemuna bai san furfura ba, ni bawa ne a wani gida a Wurno. A hannun gidan aka haife ni. Mahaifiyata kuwa kamo ta aka yi tana yarinya, ta tsufa tana surfe da daka a rinjin ubangidanmu, wato ƙauyen gonarsa da ke hanyar Rabah.

Da na kawo ƙarfi sai na roƙi ubangidana ya sa ni murgu: in bar gandunsa in nemi na kaina, duk Juma'a in kai masa rabonsa, abin da ya saura nawa ne. Ya yarda, har ya yanka mini kuɗin fansa. Da damina ina fito a gulbin Rima, ina ƙetarar da mutane da kayansu a kan goruna. Da rani in yi dako, in kai albasa Goronyo in dawo da fatu. Duk kuɗin wuri da na samu sai in kai wa mahaifiyata, ita kuma ta mai da shi awaki, don a cewarta wuri ba ya haihuwa. Rigata ɗaya ce, ta sha ɗinki har ban san wane ƙyalle ne na asali ba. In na zo wucewa ta gaban mai tsire, hanya nake sakewa.

Ina da aboki, shi ma bawan gidan ne mai biyan murgu, ya girme ni kaɗan. Ranar da na gaya masa awakina sun kai kuɗin fansa, na zaci zai yi murna. Sai ya tambaye ni, "In ka ba da su duka, mi za ka ci?"

Na ce, "Ƙarfina shina nan."

"Ƙarhi ba rumbu ba ne. Ka ƙara shekara biyu, ka hita da hatsi da 'yar gona. Ni haka zan yi."

Na ce masa shi dai ya saba da bauta ne.

Na kora awakin kasuwar Gandi na sayar da su kaf, aka kira shaidu, na biya. Ubangidana ya sa mini albarka, sannan ya ce tun da na yi wannan ƙoƙari, ya 'yanta mahaifiyata don Allah, in tafi da ita. Na durƙusa ina godiya har da hawaye. Sai a hanya, ina ɗauke da tabarmarta da tukunyarta, ta ce a hankali, "Ɗana, yanzu bakinmu biyu, kuma duk a kanka."

Na yi mana bukka a gefen gari. A shekarar nan ruwa ya sauka sau kaɗan ya ɗauke. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Gulbi bai cika ba, mutane suna taka shi da ƙafa, ba mai neman ɗan fito. Fatake suka daina zuwa, dako ya mutu. Muka koma cin tafasa da ɗanyen ganye, daga baya muka shiga tonon gidan tururuwa muna neman ƙwayar hatsi.

Da abin ya kai maƙura na koma ƙofar tsohon ubangidana. Bai wulaƙanta ni ba. Ya ce, "Abin da ke rumbu na iyalina ne da bayina, su ne hakki a kaina. Kai yanzu ɗa ne. In kana so ka shiga gandu ka yi aiki, a auna maka da yamma." Na ɗauki fartanya na shiga gonar da na yi shekaru ina tara kuɗin barinta. Bayi suna cin tuwon rana a gindin gawo, ni ɗa ina gefe ina jiran awon yamma. Abokina, wanda yunwa ta mai da shi gandu, shi ke gutsuro nasa ya tura mini ta baya, bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba.

Awon ba ya isar mutum biyu. Kullum na dawo sai mahaifiyata ta ce ta riga ta ci a maƙwabta. Na daɗe ina yarda, don ina so in yarda. Ƙafafunta suka kumbura, ta daina fita. Wata safiya na ce mata, "Inna, da na bar ki a rinji da yanzu kina da tuwo."

Ta ce, "Da ina da tuwo. Amma tun da munka zo nan ba wanda ya tashe ni daka da asuba. Bar ni in kwanta."

Ba ta ga kaka ba. Da a ce a rinji ta rasu tana baiwa, da ubangida ne zai ba da likkafani. Da yake uwar ɗa ce, a kaina yake, kuma ba ni da ko ƙyalle. Abokina ya sayar da akuya daga cikin na fansarsa ya sayo farin zane. Wannan akuyar da yunwar shekarar suka ja masa baya, sai da ya ƙara damina uku a bauta kafin ya fita.

Yau ina da gona a fadama da rumbu biyu. Ɗaya ba a buɗe shi sai sabon hatsi ya shigo gida, ko wa zai yi kuka. Jikokina suna ce mini marowaci, ba na musu. Ban taɓa nadamar fansar kaina ba, gaggawar ce ke ci mini rai, don ba ni na biya kuɗinta ba, tsohuwa ce ta biya da cikinta. Duk yaron da ya zo mini yana ɗokin barin gandun ubansa ya tsaya da ƙafarsa, ba na hana shi. Tambayarsa kawai nake yi wa zai ci a hannunsa, kuma me ya ajiye masa. In ya ce ƙarfinsa na nan, sai in ce ya zauna, akwai labarin da zan ba shi.