Sayin Gonar Inna Tabawa

Har yau in na ɗauki tef ɗin awo, sai na tuna ranar da Inna Tabawa ta kusa kwaɗa mini sanda. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a yankin Tofa, aka kawo shirin raba injin ban ruwa. Ƙa'idar ita ce, sai gona ta kai rabin hekta. Oga ya tura ni awo, ya ce, "Wadda ba ta kai ba, kada ka dawo mini da roƙo."

Inna Tabawa tsohuwa ce mai riƙon jikoki, injin nan kuwa shi ne noman raninta. Gonarta kusurwa uku ce, babu ko ɗaya da ta tsaya daidai kamar ta ɗaki. Ga dawa ta yi kai, ta rantse ba mai ratsa mata tsakiya da tef. Mutanen gari sun riga sun yanke cewa ba za ta kai ba.

Ku yara masu koyon aikin nan, ga dabarar. Ka auna gefe biyu, ka sa kamfas, na'urar nuna alƙibla, ka auna buɗewar kusurwar da suka haɗu. Kowace kusurwa tana da wata lamba tata, a makaranta sayin muke kiranta. Ka ninka gefen biyu da juna, ka ninka da sayin, ka raba biyu, faɗin gona ya fito. Na samu mita ɗari da ashirin, da mita ɗari, kusurwa digiri saba'in.

Sai bakina ya ja mini. Na dubi mai unguwa da ya rako ni na ce, "Saura sayin kawai, an gama."

Inna ta zabura ta ɗaga sanda. "Sayin me? Innalillahi! Ashe saye kuka zo yi? Gonar ubana? Wallahi ko taku ɗaya ba na sayarwa!"

Mai unguwa dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ina ja da baya ina danna kalkuleta. Gonar ta haura rabin hekta, har da rara.

"Inna, ajiye sandar! Kin samu inji!"

Ta tsaya cak. "Ɗan nan, gonar fa?"

"Taki ce."

Guɗar da ta rangaɗa sai da mata suka leƙo ta katanga. Wallahi ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba.

Daga nan na koyi cewa mu lamba muke gani, mai gona kuwa ubansa yake gani, don haka kafin ka buɗe tef ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Duk rani kwandon tumatir yana iso mini ofis da saƙonta: a kai wa Malam mai sayi, wannan kyauta ne.